Gidaje Biyar na Iya Talle

Shekara arba'in da takwas ke nan, a cikin wannan watan, da aka kai Iya Talle makwancinta a bayan ƙauyenmu da ke yankin Kazage. Kakata ce, mahaifiyar mahaifina. Ba ta taɓa riƙe sarauta ba, ba ta bar garke ko gona mai suna ba, kuma in ban da 'yan gidanmu ba na tsammanin akwai mai tuna ranar. Abin da ya sa na ɗauko alƙalami wani ƙwaro ne da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, da kuma wata tambaya da ta bar ni da ita, na yi ta yawo da ita har furfura ta cinye mini kai.

Bari in fara da ƙwaron, don mai karatu ya san a kan me ake magana. In kana zaune kusa da rafi ka taɓa ganinsa, ko da ba ka kula ba. Da almuru yake tasowa daga ruwa, wani lokaci ɗaiɗai, wani lokaci dandazo guda kamar hayaƙi. Siriri ne, fukafukansa garai-garai, in ya sauka sai ya tsayar da su sama, ga zare biyu ko uku a wutsiyarsa. Ba ya cizo, ba ya harbi, ko abinci ba ya ci, don bakinsa ba ya aiki. Zai fito ya yi ta rawa a saman ruwa, su yi barbara, macen ta zuba ƙwai, kashegari ka tarar da gawarwakinsu a gaɓa. Iya tana kiransa yini-guda. Ban taɓa jin sunan a bakin mutanen gari ba, su shingen ruwa suke cewa su wuce abinsu. Turawa kuwa an ce sunan watan Mayu suka laƙaba masa, don a watan yake fita a ƙasarsu.

In ka ce shingen ruwa a gaban Iya, ka jawo wa kanka dogon karatu. Kama da wane ba ta wane, in ji ta. Shinge yana kwantar da fukafukansa a gadon baya kamar an naɗe tabarma, daga baya ya zubar da su ya shiga ƙasa. Yini-guda ba ya iya kwantar da nasa, haka ma mazari, wannan mai manyan idanu da ke shawagi a bakin ruwa. Saboda haka a wurinta yini-guda ɗan'uwan mazari ne, babu abin da ya haɗa shi da shinge sai son haske. Kuma ainihin rayuwarsa a cikin ruwa take, inda yake yin watanni ba fiffike, yana rarrafe yana kiwo. Ranar da ya yi fukafukai ranar ƙarshe ce. Takan ce wanda ya san shi a sama kaɗai, a wurin jana'iza ya san shi.

Iya ba ta san shekarar haihuwarta ba. Abin da ta sani, ta riga ta yi wayo sosai kafin a ga Bature na farko a ƙasarmu, don haka a lissafina abin da zan ba da labari ya faru ne a shekarun ƙarshe na ƙarni na sha tara. Mahaifiyarta ta rasu tana jaririya, shi ya sa Talle ya danne Hauwa'u, sunanta na yanka. Kakarta ta wajen uwa ta raine ta, Bagwariya ce, ko Gbagyi kamar yadda suke kiran kansu, irin matan nan da ke ɗaukar kaya a kafaɗa. A zamanin ƙasar Birnin Gwari hanyar fatake ce masu jakuna, kuma hanyar mahara ce masu kamun bayi. Da rani ya yi, ƙasa ta bushe dawakai suka sami wurin taka ƙafa, sai mutanen ƙauye su kwashi abin da za su iya ɗauka su faɗa daji.

A wani irin gudun ne, tana 'yar shekara tara ko goma, suka yi kwana biyu suna tafiya, su da wani Bafillace da ya biyo su da 'yan shanunsa. Ruwan gora ya ƙare, yara sun daina kuka don gajiya. Sai suka faɗo kan wani rafi, ruwa fari tas har kana iya ƙirga tsakuwar ƙasa, ga inuwa. Maza suka fara sauke kaya. Tsohuwar nan, kakar Iya, ta shiga ruwa zuwa idon sawu, ta ɗaga dutse ta duba cikinsa ta mayar, ta ɗaga wani ta mayar, har kusan bakwai. Babu abin da ya motsa a ƙarƙashin ko ɗaya. A biyu ta ga 'yan gawarwaki sun yi fari. Ta fito ta ce a ɗora kaya.

Mai unguwa ya ce, tsohuwa, ruwa irin wannan za mu bari mu je ina? Ta ce masa ruwa ba ya tsami banza. Ruwan da ya kashe ƙwaronsa an zuba masa magimfa, ganyen nan da masunta ke dakawa su watsa kifi ya bugu ya taso. To mutanen ƙasar duk suna ɓoye kamar mu, wa ke da sukunin dakan magimfar da za ta share rafi guda? Sai mai bakuna da yawa da zai ciyar, kuma yana can sama da mu, bai yi nisa ba. Nan take maza suka gane. Aka jiƙa maƙoshi a tsaye, aka tsallaka tudu zuwa wani ɗan ƙorama mai duhun ruwa wanda ba ya ba da sha'awa, dutsen farko da ta ɗaga abubuwa suka watse ta ko'ina, a nan suka zauna. Daga baya aka ji cewa wasu da suka yada zango a farin rafin an kwashe su. Duk lokacin da Iya ta zo nan a labarin sai ta ƙara da cewa, wannan kam ban gani da idona ba, ji na yi.

Tun daga ranar ta manne wa kakarta da tambaya. Abin da ya fara don tsira da rai ya koma mata sha'awa zalla, ta wuce inda tsohuwar ta tsaya. Ita kakar duba take ko akwai rai ko babu. Iya kuwa so take ta san wane ne wane, wa ya haifi wa, wa ke ɗaki ɗaya da wa. Mace ce da ta san salsalar kowane gida a ƙauyenmu, in ana rigimar gado har dattawa kan aiko a tambaye ta a ɓoye, kuma da wannan idon ta kalli ƙarƙashin dutse. Ta kasa yini-guda gida biyar, tana maganarsu yadda ake maganar surukai.

Ni ne jikan da ta zaɓa, wataƙila don na fi kowa rashin aikin yi. Maigida take kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma ina ce mata amarya mai tsada. Koyarwarta tana da doka. Ba ta faɗa maka sunan gida sai ka kamo ɗan gidan da hannunka ka sa a ƙoƙo da ɗan ruwa, ka kalle shi har ka iya faɗin abin da ya raba shi da na baya. Kuma duk dutsen da ka ɗaga sai ka mayar da shi yadda ka same shi, jiƙaƙƙiyar fuskar a ƙasa, don ƙofar gidan wani ka buɗe. Na sha ranƙwashi a kan wannan har kaina ya haddace.

Na fara da gidan Lafau, masu lafewa a jikin dutse inda ruwa ke gudu da ƙarfi, shimfiɗaɗɗu kamar an taka su, idanunsu a bisa kai, suna gudu a kaikaice irin na ƙaguwa. Sai gidan Zillo, masu iyo kamar 'yan mitsitsin kifi, waɗanda suka ba ni wahala damina guda kafin in damƙe ɗaya. Gidan Ganye suna cikin ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a lungu, suna da geza a gefen ciki da ke kaɗawa ba hutu, da ita suke numfashi. Na huɗu gidan Laka, ƙanana ƙwarai, ƙazamai, jikinsu duk turɓaya, ga wasu marufai biyu a bayansu. Na ce mata waɗannan kam ba su da dangi a duniya. Ta ce in kawo tsinke. Ta ɗaga marufin a hankali, sai ga geza a ƙarƙashi, irin ta 'yan gidan Ganye. Ta ce ka gani, 'yan ɗaki ɗaya ne, ɗaya ya zauna a tsafta ɗaya ya auri taɓo. Ina ɗan shekara sha uku lokacin, kuma ban taɓa jin daɗin wani karatu kamar na ranar ba.

A shekarar aka kai ni makarantar kwana. Na yi ta hawa aji har na fito da takardar malanta, aka tura ni wata firamare a wajen Zariya. Na zo ganin gida da sabon keke mai ƙararrawa, ga agogo, ga wando mai kari. Iya ta tsufa tukuf, ba ta wuce ƙofar gida sai da sanda. Ta shafa sirdin keken ta ce, "Maigida, saura ɗaya fa. Ka ɗora ni a wannan dokin ƙarfen naka ka kai ni babban gurbi, in nuna maka na biyar in huta."

Na ce, "Iya, ai duk waɗannan an rubuta su a littafi. Bari sai hutun ƙarshen shekara."

Ta yi dariya ta ce, "To, Malam. Allah ya kai mu hutun."

Ba ta taɓa ce mini Malam ba sai ranar. Gaskiyar magana, wadda ban taɓa faɗa a fili ba sai bana, ba ni da wani uzuri. Babban gurbin tafki ne mai zurfi a ƙasan ƙauye inda rafi ke kwanciya, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a a keke ba. Kunya nake ji. Ban so 'yan mata da abokaina su ga sabon malamin makaranta ya goyo tsohuwa a keke za su kamun ƙwari. Kuma littafin da nake taƙama da shi, abin da ya ce kawai ƙwaro ƙafa shida gare shi. Saura mako uku a yi hutu wani direban babbar mota ya tsaya a bakin makarantarmu da saƙo. Ko jana'izar ban samu ba.

Da-na-sani ƙeya ce, an daɗe da faɗa. Abin da ban sani ba shi ne tana iya sa mutum ya zama abin kallo. Duk garin da aka tura ni aiki, in akwai rafi sai na naɗe ƙafar wando na shiga ɗaga duwatsu. Wasu ɗalibaina sun ɗauka zinariya nake nema, wasu suka ce magani nake haɗawa, wani hedimasta har ya kira ni gefe ya yi mini nasiha. Kullum huɗun nan nake samu, Lafau da Zillo da Ganye da Laka. Da shekaru suka ja sai wani tunani ya fara cina: anya akwai na biyar? Ko dai tsohuwa ce kawai ta so jikanta ya ɗora ta a kekensa sau ɗaya, ta ƙirƙiro dalili? Wannan tunanin ya fi rashin sanin ciwo, don in haka ne abin da na hana ta ya fi ƙwaro girma.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta leƙo yau. Na tabbata ruwan leda zai ba ta dariya, za ta juya shi ta ce ina dutsen da zan ɗaga in san lafiyarsa? Rafukan da masu wankin zinariya suka mayar kamar kunu za su ɓata mata rai, haka ma masu wanke tankin feshin ciyawa a inda mutane ke ɗiba. Za ta ɗaga dutse ta ga wayam, ta ce an taɓa ruwan nan, kuma a wannan karon ba baƙi ne suka taɓa shi ba. Maganar 'yan bindigar daji kuwa ba na jin za ta yi mamaki. Za ta ce dawakai ne suka koma babura. Ta fara rayuwa da gudu cikin dajin nan, mu kuma ga shi muna ƙare tamu da gudu daga cikinsa. Ƙauyenmu na yi shekaru ban taka ba, kabarinta da babban gurbin duk suna inda mutum ba ya zuwa sai da shahada. Na riga na sallama cewa gida na biyar ya bi ta.

Sai ga Safiya, 'yar babban ɗana, wadda ke karatun digiri na biyu a jami'a a kan ƙwarin ruwa. Ta ce laifina ne, ni na fara sa ta ɗaga dutse tun tana 'yar ƙarama. Da ranin da ya wuce ta zo gidana a nan Birnin Gwari da 'yar raga da kwalabe da fararen farantai, ta yi ta bin rafukan kusa da gari inda ake iya zuwa. Mukan zauna a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro da hantsi, ita da madubinta mai ƙara girman abu, ni da tsohon idona, ina kasa abin da ta kamo kwano huɗu. Ta buɗe kwamfuta ta nuna mini zane kamar bishiya mai rassa, ta ce salsalar yini-guda ce. Da can masana jijiyoyin fiffike da siffar jiki suke dubawa, yanzu kuma har ƙwayoyin gadon da ke cikin jiki suke karantawa, kuma kowane sabon karatu sai ya sa an ɗauke wani gida daga wannan reshe an kai shi wancan. Ta ce na ƙasashen sanyi aka fi sani, namu na ƙasashen zafi da yawa ko suna ba a raɗa musu ba tukuna.

Na zauna ina jin hukuncin da za a yanke wa Iya, kamar ni ake wa jarrabawa. Maganar mazari, Safiya ta ce masana da dama suna tare da Iya, kuma saboda dalilin da ta faɗa na fiffike, amma wasu sun ƙi, har yau gardamar ba ta mutu ba. Ganye da Laka kuwa ga su a babban reshe ɗaya, na sa yatsa na bi layin da kaina. Amma Lafau da Zillo, da Iya ke cewa wa da ƙane ne, zanen bai kusanta su haka ba. Sannan ta sa hantsaki a kwanon Lafau ta zaro wani mai wutsiya biyu, ta ce wannan ma ba ɗan dangin ba ne sam, wata ƙabila ce dabam, a duba farcensa biyu ne a kowace ƙafa, su kuwa ɗaya. Na ji haushi kamar an zagi gidanmu. Na ce ko agola ne ai ya daɗe a gidan. Ta ce, "Baba Tsoho, daɗewa ba ta ba agola gado."

Da ta tambaye ni me ya sa kullum nake ajiye kwano na biyar babu komai a ciki, sai na ba ta labarin keke. Ta ce a littafinsu gidajen sun fi biyar nesa ba kusa ba, wanne Iya take nufi, Allah kaɗai ya sani. Ashe littafin ma da na fake da shi, ko da na gaske ne, ba zai fanshe ni ba.

Ana haka wata safiya Goggo Dije ta yi sallama. Bafillatana ce sa'ata, ta yi watanni tana kawo wa iyalina nono, tun da suka baro rugarsu suka raɓe a gefen gari. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar ta sauke ƙwaryarta kusa da mu, idonta ya faɗa kan kwanonin, sai ta durƙusa tana nuni da yatsa.

"Lafau. Zillo. Ganye. Laka," in ji ta. Ta kalli kwanon da ba kowa. "To ina na Itace?"

Na ce, "Goggo, wa ya gaya miki waɗannan sunaye?"

"Wata tsohuwa ce a can wajen Kazage, Allah ya jiƙanta. Talle."

Na ce mata jikanta ne ni. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Kai ne maigidan nata? Malamin makaranta? Aradu ka wahalar da ni."

Ga abin da ta faɗa mana. Tana sabuwar amarya rugarsu tana kusa da babban gurbi, Iya ce ta koya mata duba ruwa kafin ta shayar da maruƙa. Wata rana tana dawowa daga talla ta tarar da Iya zaune a gefen hanya da sandarta, numfashi ya ƙare mata, ta yi rabin tafiya ita kaɗai. Ta ce gurbi za ta. Dije ta ajiye ƙwarya a gindin bishiya, ta kwance mayafi ta goya ta kamar jaririya, ta ce ba ta da nauyi ko kaɗan. Da suka isa Iya ba ta ko kalli duwatsu ba. Ta sa ta jawo wani tsohon gungumen da ya daɗe a ruwa, suka ɓantare gefensa, ta nuna mata abin da ke ciki. Sannan ta ce, wannan na maigidana ne, boko ya tafi da shi, ki riƙe masa, in kin gan shi ki ba shi. Da damina ta faɗi rugar ta tashi. Da suka dawo bayan shekaru Iya ta rasu, aka ce mata jikan yana can ƙasar Zazzau, ita kuma ko sunana ba ta sani ba.

Na tashi na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da direban nan ya kawo saƙo. Akwai na biyar, ba ƙirƙira ta yi ba. Kuma tafiyar da na ji kunyar yi da keke, wata ta yi ta da gadon bayanta.

Kashegari da hantsi mu uku muka je madatsar ruwan bayan gari, Goggo Dije da ƙwaryar nononta don daga can za ta wuce talla. Ta zagaya gaɓa tana zungurar itatuwa da ƙafa har ta tsaya kan wani tsohon katakon kwalekwale da ya nutse rabi. Safiya ta sa wuƙa ta tsaga gefensa. Ciki duk ramuka ne, an shafe bangonsu da wani abu mai laushi kamar saƙar gizo-gizo. A cikin ɗaya ga shi nan kwance, fari sol kamar kindirmo, da haure biyu a gaba da yake sassaƙa da su, geza tana kaɗawa a gefen cikinsa. Goggo ta ce Iya ta gaya mata ƙanin Ganye da Laka ne da ya yi ƙaura ya koma sassaƙa, kuma ba ya tashi da fiffike sai 'yan kwanaki bayan wata ya cika, shi ko yinin ma ba ya kaiwa. Safiya ta ce ta karanta labarinsa amma ba ta taɓa riƙe shi ba, kuma danginsa suna kan wancan babban reshen da na bi da yatsa. Shekara arba'in da takwas ina ɗaga duwatsu, ina taka gungume in wuce, don dutse aka koya mini ban kuma tsaya an ƙarasa mini karatun ba.

Safiya ta buɗe kwalbarta za ta ɗibi wasu don nazarinta. Goggo ta ɓata rai ta ce ɗaya tak, aka yi yadda ta ce. Katakon ni na mayar da kaina, jiƙaƙƙiyar fuskar a ƙasa, wandona ya jiƙe har gwiwa.

In aka auna abin da Iya Talle ta bari, ba shi da yawa a ido. Ɗakinta ya rushe, kabarinta ba na iya kai masa ziyara. Ta yi kuskure a kan agola, wataƙila ta yi a kan wasu, su ma masu madubi suna yi suna gyarawa. Amma sunaye biyar da ta raɗa suna nan a littafin Safiya, kowanne a gefen dogon sunansa na masana, kuma akwai wata Bafillatana da ta ɗauki ajiyar da ba tata ba ta yi ta ƙaura da ita daga ruga zuwa ruga, ba ta yar ba. An ce zumunta a ƙafa take. Na yi shekaru ina koya wa yara wannan karin maganar a allo, sai bana na gane cewa ni aka yi wa ita.

Da muka tashi komawa Goggo Dije ta dafa gwiwa ta ce tsufa ya zo. Na sunkuya na ɗauki ƙwaryar nonon na ɗora a kaina, bisa hular. Ta ce, "Malam, rufa mini asiri, ta cikin kasuwa fa za mu bi." Na ce na sani. Muka ratsa kasuwa, ita a gaba, ni a baya, Safiya tana ta ƙunshe dariya. Tsofaffin ɗalibaina suka fito daga rumfuna suna tafi, wani yana ihu wai Malam ya fara tallan nono, a kawo ludayi. Wuyana ya yi kwana uku yana ciwo, amma ban sauke ƙwaryar ba sai a ƙofar gidan da za ta fara shiga.

Allah ya haskaka kabarin Hauwa'u Talle, ya shayar da ita daga ruwan da ba a taɓa ba, ita da tsohuwar da ta raine ta. Maigidanki ya karɓi saƙo, Iya. Ya makara, amma ya karɓa.